Gejin iska, fitilar taimin da gejin kwamfireshin: abin da suke gano wa mai tsohuwar a-kori-kura da abin da ya fi ƙarfinsu

Tsofaffin a-kori-kura masu kafireto ba su ƙare a Kaduna ba. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri, inda kamfanin ya fara aiki tun 1975, har gobe tana ɗauko itace da doya da buhunan citta ta hanyar Kachia. Hilux mai injin 22R ko 4Y tana nan tana jigilar bulo da siminti a Rigasa da sauran unguwannin da gini ke tashi, ga tsofaffin Nissan da Mitsubishi a tasha. Duk cikinsu babu wadda za a jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta. Idan direba ya shigo gareji ya ce motar tana ƙara a hawa, ko ta koma shan mai, kunne da ƙiyasi ake sa wa gaba, kuma ƙiyasin nan ne ke sa a sauke injin da bai kai a sauke shi ba.

Kaya uku ne a nan, irin marasa suna da ke zuwa cikin jan akwatin roba, waɗanda ake samu a shagunan kayan aikin kanikawa: gejin iska mai auna zuƙar inji, wanda kuma yake auna ƙarfin famfon mai, fitilar taimin mai nuna lokacin da filogi ke kunna wuta, da gejin kwamfireshin mai auna matsin silinda. Ra'ayinmu a kansu ba ɗaya ba ne. Gejin iskan ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Fitilar tana aiki, amma sai an yi mata dabara. Gejin kwamfireshin kuwa ba a rantsuwa da lambarsa, sai dai ya isa a gwada silinda da 'yar'uwarta. Mai motar dizal ya ajiye kuɗinsa, don babu ɗaya da zai yi masa amfani: gejin kwamfireshin yana tsayawa a 300 psi, wato ma'aunin ƙarfin matsi, injin dizal kuma yana wuce nan, sannan ba shi da filogin da fitila za ta bi.

Kafin a buɗe akwati sai an san wace ƙara ake nema, domin abin da direba ke kira ƙara kala-kala ne. Akwai siririya mai kaifi, kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwanin madara, wadda ba ta fitowa sai mota tana ɗauke da kaya, an taka totur a babbar giya ko ana hawa. Da an sassauta ƙafa ko an sauko giya sai ta ɓace. Wannan ba ƙarfe ne ke bugun ƙarfe ba. Filogi ya kunna wuta, wutar tana tafiya, sai ragowar mai da iskar da ke can gefen silinda ya fashe da kansa saboda zafi da matsi kafin wutar ta iso gare shi. Girgizar fashewar ce ake ji. Idan aka bar ta, ita ke karya bangon da ke tsakanin ringi da ringi a jikin fistin, ta ƙona gaskit, ta daddake metal, wato siririn ƙarfen da gindin sandar fistin ke juyawa a kansa. Akwai kuma ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, wadda ke ƙaruwa da juyin inji ko mota tana tsaye, ta fi fitowa idan aka riƙe totur a tsaka-tsaki, kuma takan ragu idan aka zare wayar filogin silindar da abin ya shafa. Wannan metal ne, ita ce ke kai wa ga a ce inji ya buga. Tafet, ƙarfen da ke danna bawul, yana da tasa ƙarar daga sama, tik-tik a rabin saurin inji. Fistin da ya yi lako-lako a silinda yana ƙara da sanyin safiya, ya yi shiru idan inji ya ɗumama. A 22R kuma akwai ƙarar sarƙar taimin daga gaba, musamman a injinan da ke da sarƙa mai layi ɗaya da madogarin roba: robar takan karye, sarƙar ta riƙa goge murfin har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gangara cikin baƙin mai.

Kayan nan uku aikinsu a kan ƙara ta farko yake, da duk abin da ke haddasa ta: wuta ta yi gaba, wato filogi ya kunna da wuri, mai ya yi kaɗan a cikin iska, fetur mara ƙarfi, zafi, ko matsi ya yi yawa. A kan ƙarar metal ba su da ta cewa, kuma wannan shi ne babban giɓinsu. Gejin da ke auna ƙarfin baƙin mai daban ake sayensa, a ɗaura shi inda na'urar fitilar mai take. Abin da kanikawa ke riƙewa shi ne wajen 10 psi kan kowane juyi 1,000 a minti idan inji ya yi zafi. In ya gaza haka sosai ga kuma ƙara daga ƙasa, babu saitin kafireto da zai cece shi.

Gejin iska

Agogo ne mai allura ɗaya da tiyo. Ɓangare ɗaya an rubuta 0 zuwa 30 inci na zuƙar iska, ɗayan 0 zuwa 10 psi na famfon mai. Ana jona shi a manifol, bututun da ke kai mai da iska cikin inji, ƙasa da faifan totur. Nan mutane da yawa ke kuskure: suna cire tiyon da ke zuwa distiributa su jona a wurin, alhali a yawancin kafireto ramin nan yana sama da faifan, ba ya zuƙa a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, sai allura ta kwanta kusa da sifili a ce inji ya mutu. A nemi nonon da ke jikin manifol ɗin kansa, ko a raba tiyon sabo, gwangwanin da ke ƙara wa birki ƙarfi, da mahaɗa mai baki uku.

Takardar da ke cikin akwatin, da launin kore da aka shafa a fuskar agogon, suna cewa lafiyayyen inji yana nuna 17 zuwa 21 a silo. Wannan lissafin bakin teku ne. Kaduna tana kan tudu na kusan mita 600, kuma duk mita 300 ana rasa kimanin inci ɗaya, saboda haka 15 zuwa 19 ne daidai a nan. Motar da ta nuna 19 a Legas za ta nuna 17 a Tudun Wada ba tare da komai ya same ta ba. Wanda bai san wannan ba zai ga allura a bakin ja ya hau juya distiributa gaba don ta shiga kore, ya haifar da ƙarar da ba ta nan da farko.

Motsin allurar ya fi lambar muhimmanci. Idan ta tsaya cak amma ƙasa da yadda ya kamata da inci biyu ko uku, wuta ta yi baya ko ringi ya gaji. Idan ta faɗi ƙasa ƙwarai ta tsaya, iska na shiga ta inda bai kamata ba, ko sarƙar taimin ta tsallake haƙori. Idan tana yawo a hankali, ta hau ta sauko tsakanin inci huɗu zuwa biyar, saitin mai a silo ne bai yi ba. Idan tana faɗuwa da inci biyu zuwa huɗu a kai a kai, bugu ɗaya bayan ɗaya kamar an tsara, bawul ɗaya ya ƙone ko ba ya rufewa. Rawar sauri a silo da ke lafawa idan an ba da wuta tana nuna gidajen bawul sun cinye. Sai gwajin salansa: a riƙe inji a wajen juyi 2,500, idan allura ta fara zamewa ƙasa sannu a hankali, tukunyar salansa ta toshe ko bututun ya lotse, abin da ke samun motocin da ke bin hanyoyin ƙauye da damina. Salansa da ya toshe yana riƙe zafi a inji, ya kashe ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, mai ya tafi.

Da wannan gejin ake saita dunƙulen mai na silo yadda ya kamata. Inji ya yi zafi, cok a buɗe, matatar iska a ɗaure. A juya dunƙulen kwata-kwata, wato rubu'in zagaye, a dakata daƙiƙa goma, a kalli allura. Inda ta fi hawa ta tsaya, nan ne. Sannan a mayar da gudun silo wajen juyi 750 zuwa 850 da ɗaya dunƙulen, mai riƙe faifan totur, a sake dubawa. Idan ana so a fara daga tushe, a shigar da dunƙulen mai har ya taɓa ƙasa da yatsu biyu kawai, ban da ƙarfi, a fito da shi zagaye biyu zuwa uku. Ɗaure shi da ƙarfi yana yi wa bakin allurarsa zobe, daga nan ba ya ƙara saituwa. In kuwa an juya shi ciki da waje allura ba ta ko motsa ba, jet ɗin silo, wato ɗan ramin da mai ke bi, ya toshe, ko iska na shiga ta gefe, ko an buɗe faifan totur da yawa har inji ya bar hanyar silo yana sha daga babban jet.

A nan ne ya kamata a tsaya a faɗi wata magana. Dunƙulen nan silo kaɗai yake mulka, da ɗan abin da ke sama da shi. A kan titi da kaya, babban jet ne ke aiki, da tsayin mai a kwanon kafireto, da bawul ɗin da ke ƙara mai idan an danne totur. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, roƙon da ya fi yawa a gareji shi ne, “Maigida, don Allah a rage mini shan man nan.” Wasu kanikawa sai su sa ƙaramin jet, wasu su zura silin wayar tagulla a cikinsa, wasu su lanƙwasa harshen fulot, abin da ke iyo a kwanon kafireto yana tsayar da shigar mai, ya sauka. Lambar da ke jikin jet ɗin kafireton Solex faɗin raminsa ce: 120 na nufin milimita 1.20. Sauka daga 120 zuwa 110 ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda lambar ke nunawa, don girman ramin yana raguwa da kusan kashi 16 cikin 100. Fetur yana ƙonewa tas idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, amma inji mai jan kaya a hawa yana son wajen 12.5 zuwa 13, saboda rarar man ce ke sanyaya cikin silinda. Jet ɗin da aka matse ya kwashe wannan rarar. Motar za ta yi kyau a silo, ta yi kyau wayam, sai an loda mata buhu talatin ta kama hawa sannan ƙara ta fito, ruwa ya fara tafasa. Gejin iska ba zai nuna wannan a gareji ba. Filogi ne zai nuna.

Karatun filogi ba ya cikin akwatin, amma ba a raba shi da wannan aiki. A ja motar da kaya na 'yan kilomitoci, a kashe ta nan take ba tare da an bar ta a silo ba, a kwance filogi. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙi busasshe mai kama hannu, mai ya yi yawa. Baƙi mai danshi da maiƙo, baƙin mai ne ke hawa. Fari fat da ƙuraje a jikin farin dutsen, mai ya yi kaɗan ko filogin ya fi ƙarfin injin zafi. Ɗigo-ɗigo ƙanana masu ƙyalli a kan dutsen kuwa ɓurɓushin fistin ne, alamar ƙarar ta daɗe tana cin inji. Idan ɗaya ko biyu ne suka yi fari sauran suna daidai, ba jet ba ne, gaskit ɗin manifol ne ke shan iska ta wajensu.

Neman inda iska ke shiga ba ya buƙatar komai sai ruwa a gorar feshi. Inji na silo, a fesa a gindin kafireto, da bakin manifol, da inda sandar faifan totur ke shiga, da tiyon sabo. Inda gudun inji ya sauya ko allura ta motsa, nan ne. Wasu da fetur suke yi, kuma a 504 ko Hilux mai zafi kusa da distiributa wannan neman gobara ne. Wata dabarar: a rufe rabin bakin kafireto da tafin hannu. Idan silo ya gyaru, mai ya yi kaɗan. Idan ya shaƙe nan da nan, ba nan matsalar take ba.

Ɓangaren famfon mai na gejin shi ma yana biyan kuɗinsa. Kafireto na son wajen 3 zuwa 4 psi. Ƙasa da haka kwano ba ya cika a doguwar hawa, mota ta riƙa yankewa tana tari ta kafireto. A duba matatar mai da tsatsar tanki kafin a zargi famfon. A auna yawa ma, ba ƙarfi kaɗai ba: famfo mai lafiya yana ba da kusan rabin lita cikin minti ɗaya ko ma kafin mintin ya cika. Idan ƙarfin ya yi yawa kuwa mai yana rinjayar allurar fulot ya malala. An sha ganin an ɗaura wa tsohuwar mota famfon lantarki ɗan Beljiyam na motar injekta, mai tura kusan 40 psi, sannan ana mamakin baƙin hayaƙi. Irin wannan famfon zai lalata gejin ma, don 10 ne iyakarsa. Famfon da ke jikin inji kuma idan fatarsa ta yage yana zubar da fetur cikin kwanon baƙin mai. A zaro sandar awo: idan mai ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin fetur, to ga hanyar da matsalar mai ke komawa ƙarar metal.

Aibin gejin bai wuce tiyonsa ba. Gajere ne, ba ya kaiwa cikin mota a kalle shi ana tafiya, kuma robarsa tana taurarewa da fetur ta tsage a baki. A sayi mita biyu na tiyon mai na kirki a musanya. Kafin a biya kuɗi a tabbata allurar tana kan sifili daidai, don a cikin kwali ɗaya ana samun waɗanda suka kauce.

Fitilar taimin

Araha ba ta ado. Haskenta da rana tsaka a fili bai fi a ce babu ba, sai an shiga inuwa ko an rufa buhu a kan bonet. Wayoyinta sirara ne, kuma maƙallin da ke kama wayar filogi roba ce da ke narkewa da ta taɓa manifol ɗin salansa. Ba ta da maɓallin juya digiri irin na masu tsada. Duk da haka walƙiyarta tana zuwa a kan lokaci, kuma abin da ake nema ke nan.

Ana maƙala ta a wayar filogi na ɗaya, kibiyar maƙallin tana kallon filogi. A Toyota da Nissan na ɗaya yana gaba wajen lagireto; a Peugeot daga baya ake ƙirgawa, ta wajen kuloci. A goge tsagar da ke jikin fuli a shafa mata alli. Idan motar mai kwantak ce, wato ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa da rufewa cikin distiributa, a fara saita tazararsa tukuna, milimita 0.40 a 504, domin duk sauyin tazarar kwantak yana motsa taimin. A cire tiyon distiributa a toshe shi, a sauke silo yadda ya kamata, sannan a haska. Yawancin injinan nan suna tsakanin digiri 0 da 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa, kuma lambar ta bambanta da shekara da ƙasar da aka yi wa motar, don haka a bi ta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ko ta littafin injin.

Saitin silo rabin aiki ne, kuma a nan fitilar ta fi kunne. A ƙara wuta sannu a hankali ana kallon allin. Ya kamata ya tafi gaba lami lafiya, ya ƙara wajen digiri 20 kafin juyi 3,000 zuwa 3,500, ya dawo inda yake idan an saki. Cikin distiributa akwai ƙarafa biyu masu buɗewa da gudu, da ƙananan sifirin biyu da ke riƙe su. Idan sifirin ya saki ko ɗaya ya tsinke, wutar tana yin gaba gaba ɗaya tun inji bai yi nisa ba: a silo komai daidai, a hawa ƙara. Bakanike mai aiki da kunne zai mayar da distiributa baya har ƙarar ta ɓace, motar ta mutu a ƙafa, manifol ya yi ja, alhali sifirin ɗin da bai kai tsinken ashana ba ne ya jawo. Idan ƙarafan suka cije da tsatsa da ƙura kuwa, allin ba ya motsi, mota ba ta ja, tana zafi tana shan mai. Allin da ke tsalle gaba da baya fiye da digiri biyu ko uku yana nuna sandar distiributa ta yi lako-lako ko sarƙa ta saki. Gwangwanin da ke gefen distiributa kuma a zuƙi tiyonsa da baki: in iska na wucewa ba tsayawa, fatar ciki ta yage, kuma ta nan ma iska ke kutsawa cikin kafireto.

Tunda ma'aunin da ke jikin inji ba ya wuce digiri 10 ko 15, sai a yi wa fuli alamomi da hannu. A zagaya shi da tef ɗin tela, a raba abin da aka samu gida 36, kowane gida digiri 10 ne. Fuli mai faɗin milimita 150 zagayensa 471 ne, wato milimita 13 kowane gida. Alama uku da alli sun wadatar. A kula da fuli mai roba a tsakiya, don zoben wajensa yakan zame ya tafi da tsagar. In ana shakka a cire filogi na ɗaya, a juya inji da hannu, a taɓa kan fistin da sanda mai laushi a ga ko ƙololuwarsa ta dace da sifili.

Bayan saiti sai gwajin titi, kuma bayan gari irin titin Nnamdi Azikiwe ya fi cikin kasuwa. Giya ta huɗu, wajen kilomita 40 a awa, a danne totur. Ƙyal-ƙyal na daƙiƙa ɗaya da ke ɓacewa ba komai ba ne. Idan ta ci gaba, a mayar da wuta baya digiri biyu a sake. In an kai digiri huɗu ƙasa da na littafi tana nan, a daina juya distiributa, ba laifinsa ba ne. A ɗauko jarka mai tsabta da fetur daga gidan man da aka amince da shi, a ba injin kai tsaye. Man da aka gauraya da kananzir, wanda akan ci karo da shi a hannun wasu 'yan bumburutu, ba ya jure matsi. A ɗiga shi a farar takarda: fetur zalla yana bushewa bai bar komai ba, mai gauraye yana barin tabon maiƙo. Waɗanda suka ga abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa motoci a watan Fabrairun 2022 ba sa buƙatar a tuna musu cewa wani lokacin ciwon daga tanki yake.

Yanayi ma yana da hannu. Motar da ta yi shiru da hunturu tana iya fara ƙara a Maris da Afrilu, lokacin da iskar da take shaƙa ta yi zafi, lagireto kuma ya cika da ƙura da laka. Ƙurar hunturu ita ma ta riga ta toshe matatar iska, abin da ke shaƙe kafireto ya sa ya ja mai da yawa. Kafin a taɓa kowane dunƙule a cire matatar a ɗaga ta ga rana, in haske ba ya ratsawa a canza. Cire tamostat da ake yi wai don maganin zafi ba magani ba ne: inji yana daɗewa bai ɗumama ba, mai yana wanke bangon silinda, baƙar dauɗa tana taruwa a kan fistin, ita kuma dauɗar ce ke ƙara matsi, ta yi ja ta kunna mai kafin filogi. Motar da ke ci gaba da karkarwa bayan an zare makulli, dauɗar nan ce, ko silo ya yi sama, ko na'urar da ke rufe jet ɗin silo ta maƙale a buɗe.

Gejin kwamfireshin

Shi ne mafi rauni a cikin ukun. Biyu daga kwali ɗaya suna iya saɓawa a silinda ɗaya, kuma ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyonsa, mai kama da na taya, yana fara yoyo da wuri sai allura ta riƙa sauka kafin a karanta. Na taya ba ya maye gurbinsa, sifirinsa ya fi ƙarfi, lamba za ta fito ƙasa. Bakin roban da ake dannawa da hannu ɓata lokaci ne, a yi amfani da mai zare na milimita 14. Masu 504 su duba akwatin da kyau kafin su saya: filoginta yana can cikin dogon bututu, gajeren baki ba ya isa, sai akwai dogon ƙarfe a ciki. A ɗaura shi da hannu kawai, don kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya yafiya.

Inji ya ɗumama, a hure ƙurar da ke gindin filogi kafin a kwance, a cire su duka huɗu, a cire wayar kwayil, totur a danne har ƙasa, batir cike, a buga sitata har fistin ya matsa sau biyar ko shida. Littafin 22R ya ba da 171 psi a matsayin daidai, 142 mafi ƙaranci, kuma kada bambancin silinda da silinda ya wuce 14. A Kaduna a rage wajen kashi 6 cikin 100 saboda tudu. Da irin wannan gejin, bambancin ne abin riƙewa. Silindar da ta yi ƙasa a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a sake: in ta hau sosai ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gaskit. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gaskit ya ƙone tsakaninsu. Amma kada a yanke wa bawul hukunci sai an auna tafet, don wanda aka matse ba ya barin bawul ya zauna: a 504 milimita 0.10 na shiga da 0.25 na fita inji a sanyaye, a 22R kuma 0.20 da 0.30 inji da zafi.

Lamba mai yawa ma ba abin murna ba ce a tsohon inji. Idan duka huɗun sun haura na littafi, ko dauɗa ta cika ɗakin wuta, ko an kai kan injin wurin masu fiƙewa an rage shi sau biyu ko uku bayan kowane ƙonewar gaskit. Irin wannan injin zai yi ta ƙara da fetur mai kyau da taimin daidai. Na dauɗa sai a buɗe a kankare. Na fiƙa kuwa sai gaskit mai kauri ko wani kan injin.

Wanda kuɗinsa bai kai na ukun ba ya fara da gejin iska, sai fitila, gejin kwamfireshin ya aro idan buƙata ta taso. Duk wanda aka saya, a roƙi mai shago a gwada shi a jikin mota kafin a bar wurin, a kuma ƙara da awon tazara na tafet, da alli, da kofin awo mai lamba don famfon mai.